Daɓen Ɗakin Inna

Asabar, bayan azahar

Da sunan Allah. Abin da ke raina in na faɗa wa mutum ya zama gulma, shi ya sa zan zuba shi nan.

Na dawo daga asibiti in yi wanka in ɗauki zannuwan Inna, na tarar da mai daɓe durƙushe a ɗakinta yana manna leda a ƙasa da salatif, faɗinta kamar dardumar salla. Na ce sannu da aiki, yaushe za a zuba na sama? Ya ce, "Hajiya, ba ni ke sa rana ba. Ledar nan ce uwar ɗakina. In na ɗaga na ga ta yi gumi, kowa ya koma ya zauna."

Gidanmu a saman shaguna yake, mai ginin ya ce kada a ɗora wa rufinsu nauyi. Don haka da aka fasa tsohon daɓen, mai lotsawa a tsakiya da tudu a bakin ƙofa, sai aka zuba kankare mara nauyi. A kansa za a zuba wani siminti mai ruwa-ruwa da ke kwanciya ya daidaita da kansa, sannan a manna shimfiɗar roba, yadda keken Inna zai gangara ba tuntuɓe.

"Irin wannan soso ne," in ji shi. "Samansa zai yi fari fat ki rantse ya bushe, cikinsa kuwa tafki. In na rufe shi yanzu ruwan ba shi da ƙofar fita. Kafin wata biyu gam ya saki, robar ta kumbura kamar ƙurji, fumfuna ta biyo gindin bango."

Ya maimaita abin da ya gaya min tun farko: taga a buɗe, fanka a kunne dare da rana, kada ko ɗigon ruwa ya taɓa shi.

Likita ta ce ƙashin da Inna ta karya a kan tudun nan yana haɗewa, ƙirjin ne abin tsoro. Ba danshi, ba ƙura.

Yaya kuwa ya yanke nasa hukunci. In ranar sallama ta zo ɗakin bai kammala ba, gidansa za a kai ta, kuma in ta shiga ta shiga ke nan. "Uwata ba buhun kaya ba ce da za a yi ta yawo da ita." Shekaru fiye da goma ni ke yanke mata farce. Ban ce komai ba.

Lahadi, da hantsi

Leda ta yi gumi.

Litinin, bayan la'asar

Inna ta tashi da surutu yau. Ta ce, "Ke Shiru, telan ƙasa yana nan? Na yi kewar ƙarar keken ɗinkinsa. Nan ba abin da nake ji sai tarin maƙwabciya da takalmin waccan mai allurar." Tun ina yarinya take ce min Shiru. Na ce yana nan, yana gaishe ki. Gaskiya ne, ya ce in gaishe ta.

Ta ce, "Mijinki fa? Ƙafarsa ce ta karye ko tawa?"

Na ce aiki ya yi masa yawa. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ba ita ce duka ba. Allah ya yafe min ragowar.

Malam bai sake taka asibitin ba tun daga maganar da Yaya ya yi masa a baranda a gaban mutane. Ba zan rubuta ta ba. Yana fita da motar ɗaukar ɗalibai da sassafe, ni kuma a asibiti nake kwana, sai rana ta ɗaga nake shigowa. Ina ajiye masa abinci a rufe, yana ajiye min kwanon a wanke. Iyakar hirarmu ke nan tun ranar nan. Sau nawa na nuna masa tudun bakin ƙofar? "Zan duba." To, ya duba.

Astagfirullah.

Laraba, da hantsi

Gumi. Mai daɓe ya ɗaga ledar ya nuna min, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya. Ya ce, "Uwar ɗakina ta ce a'a." Yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Mutum ne mai son jin muryar kansa.

Alhamis, bayan azahar

Matar Yaya ta zo asibiti da kwanuka uku, wai ta ga Inna ta rame. A hannuna ke nan ta rame. Ta zauna a bakin gado tana ba da labarin ɗakin da ta shirya: gado mai ɗagawa, labule sabo, "ƙasa kuma sumul, ba tudu ba kwari." Sau uku ta faɗi ba tudu ba kwari, tana duban Inna, amma da ni take.

Inna ta ce, "Akwai tela a ƙasanku?"

Ta ce, "Wane tela, Inna? Unguwarmu shiru ce."

"To, kabari ma shiru ne."

Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina.

Da za ta tafi ta karɓi makullin gidana, wai za ta ɗauko wa Inna tabaranta da carbinta, tunda ni na manta. Ban manta ba, suna cikin jakata. Amma ta riga ta miƙo hannu. Na ba ta. Ban ce komai ba.

Juma'a, kafin salla

Gumi.

Asabar, bayan la'asar

Yau mai daɓe bai yi dariya ba. Ya zo da wata na'ura mai ƙafafu biyu kamar allura, ya dafa ta nan, ya dafa ta can, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Hajiya, akwai bututu a bangon nan?"

Na ce babu, banɗaki na can ɗaya gefen.

"Ana shanya a nan? Ana wanki?"

Na ce ba mai shiga.

"To, abin da ya kamata ya ragu ƙaruwa ya yi. Ko dai ana shayar da daɓen nan, ko kuma aljanun gidan ne ke fitsari."

Na ce a'uzu billahi, bawan Allah, gidan da ake karatu ne. Ya ce ya janye aljanu, amma bai janye ruwa ba.

Da na sauko tela ya tare ni a bakin matakala, ya nuna min silin shagonsa. Tabo ne ruwan ƙasa, daidai ƙarƙashin ɗakin Inna. Ya ce ba ƙorafi yake ba, yadudduka ne na mutane.

Makulli uku ne. Ɗaya a jakata yake da, ɗaya wurin Malam, ɗaya a ɗaure a bakin zanen Inna. Nawan nan yana hannun wa tun Alhamis, har sai na ari na Inna nake shiga gidana? Na san abin da aka karantar da mu game da zargi. Na san shi tun ina riƙe da allo. Amma zuciya ba ta zauna a aji tare da ni ba.

Lahadi, bayan magariba

Na nemi makullina wurin matar Yaya. A hankali na faɗa, har sai da ta ce, "Me kika ce? Ke dai maganarki sai an sa kunne a bakinki." Na sake. Ta zazzage jakarta a kan gadon Inna, ta ce, "Ga shi nan, Hajiya mai gida. Ko an ga wani abu ya ɓata ne?"

Na ce ba abin da ya ɓata. Ƙaruwa ma aka yi.

Ta dube ni, ba ta gane ba, ko ta yi kamar ba ta gane ba. Hannunta na kalla. Hannu ne mai laushi, ban san ko ya iya ɗaukar bokiti ba. Amma mai son abu yana iyawa.

Litinin, da hantsi

Makulli na jakata. Leda ta yi gumi, har ya fi na jiya.

Ana yanka makulli a kowane lungu.

Talata, bayan azahar

Likita ta ce Alhamis ta sama za su sallame ta, suna bukatar gadon. Yaya ya tsaya a kanta da hannu a aljihu yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta takardar. Ya juyo ya ce, "Ke, ina aka kwana a aikin naku?" Na ce ana jira ya bushe. Ya ce, "Wata guda ana jiran ƙasa ta bushe? Kogi kuka gina?"

Tun muna yara haka yake. Shi ne mai magana, ni ce mai wanke kwano.

Laraba

Ba abin rubutawa. Gumi.

Alhamis, da walaha

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Inna ta ɓata zanenta na ƙarshe da asuba. Ina idar da salla na roƙi mai jinyar maƙwabciya ta sa mata ido, na taho gida in ɗauko wasu. Ban taɓa dawowa da wuri haka ba. Ina hawa matakala na ji fanka a kashe. Na ji ƙarar ruwa. Na ce yau Allah ya kama ta. Har na shirya abin da zan faɗa, karon farko a rayuwata na shirya magana.

Malam ne.

Ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ba takalmi, bokiti a hagu, moɗa a dama. Yana tafiya da baya da baya, yana zubawa a tafin hannu yana watsawa, layi-layi, kamar mai ban ruwa a lambu. Kankaren na shanyewa yana ɗan tsuwa. Wani bokitin na bakin ƙofa, ya riga ya ƙare.

Na ce, "Malam, me kake yi?"

Ya firgita. Sai ya ce, "Bi ta gefe, kar ki taka. Ruwa nake ba shi."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da aka buɗe shi. Ban tsallake ko rana ɗaya ba." Har da ɗan murmushi, wanda rabon da in gani tun kafin ranar nan. "Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mako guda yake shayar da siminti. Na ce wannan na Inna ne, ba zan tsaya a mako ba. Ba na so ya sake tsagewa, ko kamar gashi. Ledar mutumin ma ban taɓa ta ba, kewaye ta nake. In na gama in mayar miki da fankarki."

Na ce, "Wannan ba a zuba masa ruwa."

"In ji wa?"

"Mai daɓe."

"Yaushe ya ce?"

"Tun farko."

"Wa ya gaya wa?"

Na tsaya. Ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Na ce, "Ni."

Ya ajiye moɗar cikin bokiti a hankali, yadda ba za ta fantsama ba. Ya warware ƙafar wandonsa. Ya kunna fanka. Ya ce yara na jiransa a hanya, ya sauka. Na ji ya daɗe a matakala kafin ƙofar ƙasa ta buɗe.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Ina jin haushinsa. Mutum da furfurarsa bai iya tambaya ba? Ya ga taga a buɗe, ya ga fanka na juyi dare da rana, bai ce a ransa bushewa ake nema ba? Tudun da ya ƙi dubawa ya kayar da ita, gyaran da ya sa hannu ya hana ta dawowa. Ko ya yi ko bai yi ba, ni ce a ƙasa.

Kalma huɗu ce. Kada ka zuba ruwa. A jikin murfin kwanon abincinsa ma da na rubuta.

Juma'a, bayan salla

Mai daɓe ya fara dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata ya haɗiye. Ya ce, "Maigida bai yi ƙarya ba, Hajiya, siminti na son ruwa, amma a kwanakinsa na farko. Wannan ni da kaina na lulluɓe shi ya sha nasa ya ƙoshi. Abin da ya biyo baya ɗura ce." Na ce yanzu sai yaushe? Ya ce lissafi ya koma farko. Wata guda, in an samu iska. Na ce Alhamis za a sallame ta. Ya ce, "Ki gaya wa kankaren, ni na ji."

Na je wurin matar Yaya na ce ta yafe ni. Ta ce, "Me kika yi min?" Na ce abu ne tsakanina da zuciyata, amma hakkinki ne. Ta ce, "Ikon Allah. Ke ko laifinki ma ba a jin sautinsa. Na yafe." Ta ci gaba da ɓare wa Inna lemo. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Lahadi, da hantsi

Tela ya kawo wani ɗan'uwansa, shi ma aikin daɓe yake. Ya zagaya ɗakin, ya buga ƙafa, ya ce, "Wannan ai ya bushe tun bara. Masu na'urar nan tsoratar da mutane suke. Yau in zuba, gobe in manna, jibi tsohuwa ta shigo da kekenta." Na ce in ya kumbura fa? Ya ce, "Kafin nan ai ta riga ta shigo, Hajiya. Wa zai fitar da ita?"

Na ce zan yi shawara.

Litinin

Saman ya yi fari fat. Ko ni da na sani, in na kalla sai in rantse.

Talata, bayan asuba

Inna ta yi tari jiya har sai da aka sa mata abin shaƙa. Da ya lafa ta ce, "Shiru, ki ce wa tela ya ajiye min ƙyallaye, zan yi matashi." Na ce to.

Wa zai fitar da ita. Tun Lahadi maganar nan ke bina har cikin sujada.

Laraba, bayan magariba

Yaya ya zo duba ɗakin da la'asar. Malam na nan, ya dawo da wuri, yana tsaye a falo kamar baƙo. Ba su gaisa ba.

Yaya ya shiga da takalminsa. Ya taka tsakiya, ya taka bakin ƙofa inda tudun yake da, ya durƙusa ya shafa ya dubi tafinsa. Ƙura ce fara. Ya daɗe a durƙushe. Ina jin Inna ta yi masa magana, don muryarsa ta sauka.

Ya ce, "Ai ya bushe. Me ake jira? Ku kira mutum ya rufe shi yau. Zan roƙi likita ta ƙara mana kwana biyu. Tunda nan take so, ta dawo nan."

Abin da nake roƙo a kowace salla, ga shi an miƙo min. Ba a ce in yi ƙarya ba. Abin da na fi iyawa kawai ake so in yi, in rufe bakina. Malam ya dube ni. Fanka na ta juyi.

Na wuce gaban Yaya na durƙusa, na ɓare salatif, na juya ledar na miƙa masa. Ruwan ya gangaro ya ɗiga a kan takalminsa.

Na ce, "Bai bushe ba, Yaya. Samansa ne. In aka rufe shi fumfuna za ta tashi, ƙirjinta ba zai ɗauka ba."

Ya miƙe. "Wata guda da wani abu? Me ya hana shi bushewa?"

Malam ya buɗe baki, na riga shi. Ban san muryata na kai nan ba.

Na ce, "Mu muka yi ta ba shi ruwa. Mun ɗauka gyara ne."

"Ku? Kun karya ta bai ishe ku ba, sai kun jiƙa ta?" Ya juya ga Malam. "Kai dai duk abin da ka taɓa..."

Na ce, "Yaya, a gidansa kake tsaye."

Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ya jefar da ledar, ya ce gobe ƙarfe goma motarsa za ta ɗauke ta, in haɗa mata kayanta. Ya sauka, kowane taki kamar zai fasa matakala.

Malam ya ɗauki ledar ya goge ta da hannun rigarsa. Na ce a sabon wuri ake mannawa, kuma a danne gefen sosai kada iska ta shiga. Ya ce, "Sai me kuma?" Na gaya masa duka, daga taga har fanka, har abin da na tabbata ya sani.

Alhamis

An kai ta. Ƙasa sumul, ba tudu ba kwari. Ba ta dube ni ba da zan tafi.

Asabar, da hantsi

Malam ya aro fanka ta biyu wurin tela. Gumi, amma ƙanana.

Na je gaishe ta. Mota biyu ake hawa. Matar Yaya ta yanke mata farce, ta yanke har nama. Ban ce... a'a, na ce. Na ce a bar min wannan aikin.

Talata

Ta ce, "Shiru, ya bushe?" Na ce da saura. Ta juya fuska bango.

Wata Talatar

"Ya bushe?" Da saura.

Ba na son gidan nan. Ba na son labulen. Ba na son yadda ake ce min "kin zo?" kamar mai tallar da ba a kira ba. Allah ya ba su ladan abin da suke yi mata, ni dai ba na so.

Lahadi, bayan la'asar

Jiya da hantsi mai daɓe ya ɗaga leda, ya shafa, ya sake shafawa, ya dafa na'urarsa kusurwa huɗu da tsakiya. Ya ce, "Uwar ɗakina ta yarda." Na ce ai tsohuwar ba ta nan. Ya ce, "To, in zuba ko in tattara kayana?" Na ce zuba. Simintin ya kwanta da kansa kamar yadda ya faɗa, lumui, daga bango zuwa bango.

Yau Malam ya sa babbar riga ya ce zai raka ni. Na naɗe ledar na sa a jaka, ban san dalili ba.

Yaya na zaune a ɗakin da muka shiga. Malam ya yi sallama, ya durƙusa gaban gadon, ya kasa ɗago kai. Inna ta ce, "Au, ƙafar ta warke? Tashi, mai ban ruwa. An ba ni labari. Da ka shuka wani abu ma da yanzu mun ci."

Sannan ta juyo. "Shiru, ya bushe?"

Na miƙa mata ledar. Ta shafa ciki, ta shafa baya, ta kai hanci ta sansana. Ta ninke ta huɗu ta tura ƙarƙashin matashi. Ta kwance makullin da ke bakin zanenta, ta duba shi, ta sake ɗaurewa da kyau.

Ta ce da Yaya, "Kai, ka ji. Ya bushe."

Yau shi ne bai ce komai ba.